Bayan tiyatar gwiwa ta kyamara: yadda ake sa ido a kan jijiya

Wanda aka yi wa tiyatar gwiwa ta kyamara, abin da zai nuna wa 'yan dubiya bai wuce ɗinki biyu ko uku ba, kowanne bai fi faɗin farce ba. Shi ya sa ake raina aikin, har ka ji ana cewa, "A'a, ashe ma ba yanka aka yi ba." Yanka aka yi, a ciki ne kawai. Likita yakan huda gaban gwiwa, ya tura kyamara mai kaurin milimita 4, ya cika gaɓar da ruwan gishiri don ta buɗe, sannan ya shigar da almakashi ko allura ta wata hudar daban yana kallon allo. Haka ake gyara guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙwauri idan ya yage, haka kuma ake sake igiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, mai yawan tsinke wa 'yan ƙwallo. Japanawa ne suka share hanyar. Kenji Takagi ya leƙa cikin gwiwar gawa a Tokyo a 1918, ɗalibinsa Masaki Watanabe kuma ya yanke yagaggen guringuntsi ta wannan hanya a 1962.

Aiki ne mai kyau, akasarin mutane kuma lafiya lau suke tashi. Sai dai kyamara cikin gaɓa take gani. Jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi zuwa ƙafa a waje suke kwance, dab da inda wuƙa da allura ke bi, kuma su nake nufi duk inda na ce jijiya a nan, ban da na jini. Mummunan rauni ga manyansu bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Mutuwar fata a ɗan wani wuri kusa da tabo kuwa ruwan dare ce, musamman bayan aikin ACL.

Mu a Yola da Jimeta muna da ƙarin matsala. Da yawa daga masu neman wannan aiki tafiya suke yi: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Abuja, masu hali kuma Alƙahira ko Indiya. Kwana kaɗan a sallame su. Abin da zai biyo baya a Karewa ko Doubeli ko Yolde Pate zai bayyana, wanda ya yi aikin kuwa sai dai ta waya. Ke nan mai gadin jijiyar nan kai ne da mai jinyarka.

Jijiyoyi uku da inda kowacce ta bi

Zauna a kujera ka lanƙwasa gwiwa, ka bi ni da hannunka.

Ta farko ita ce ta gefen ciki, safenos a bakin likitoci. Daga cinya take saukowa ta gefen da gwiwoyi ke gogar juna, ta bi ƙwauri har idon sawu na ciki. Ba ta motsa komai, ji kaɗai take ɗauka. Tana da wani siririn reshe da ke ratsa gaban gwiwa a ƙarƙashin ƙoƙo, daga ciki zuwa waje, kuma shi ya fi kowace jijiya shan wuƙa, domin nan ake huda, nan kuma ake tsagawa a ciro agarar da za a yi sabuwar igiya da ita. Ga abin da ke ruɗa mutane: an yi tsagar a gefen ciki, amma fatar da ta mutu tana gefen waje, ƙasa da tabon. Sai mutum ya ɗauka wani ciwo ne daban. Ba daban ba ne, reshen ne aka katse kafin ya isa can.

Ta biyu ita ce abin tsoro. Shafa gefen waje na gwiwarka, ka sauko kamar yatsu biyu ko uku, za ka ji wani ƙullutun ƙashi. Kan siririn ƙashin ƙwauri ke nan. Dab da ƙasansa jijiyar feroniyal ta naɗe wuyan ƙashin, babu abin da ya rufe ta sai fata da ɗan kitse. Idan ka murza wurin a hankali kana iya jin ta tana gocewa a ƙarƙashin yatsa, har minjirya ta sauka saman ƙafarka. Ita ke ɗaga ƙafa da yatsu sama, ita ke karkatar da ƙafa waje, ita ke ɗaukar ji daga saman ƙafa da gefen ƙwauri na waje. Idan ta tsaya, ƙafa ta langaɓe. Mai ita sai ya ɗaga gwiwa fiye da kima kafin yatsu su bar ƙasa, ƙafar ta sauka da ƙara, silifas kuma ya ƙi zama. Tana shiga haɗari lokacin ɗinke guringuntsin gefen waje, domin allurar da ke fitowa daga cikin gaɓa ta bayan gwiwa na iya soke ta, ko zare ya ɗaure ta tare da nama. Matsi kaɗai ma ya ishe ta: maƙalin da ke riƙe ƙafa a kan gadon tiyata, bandejin da aka tamke, ko maɗaurin takalmin gwiwa da ya hau kan ƙullutun.

Ta uku, tibiyal, tana can tsakiyar bayan gwiwa tare da babbar hanyar jini. Ita ke sa ka taka ƙasa da ƙarfi, ka yi ɗage, ka naɗe yatsu, kuma ita ke da tafin ƙafa. Ba kasafai ake taɓa ta ba sai a aikin da ya kai ƙurewar bayan gaɓa.

Akwai kuma ɗamarar iska da ake ɗaurawa a cinya don tsayar da jini likita ya ga abin da yake yi. A ƙa'ida ba a so ta wuce awa 2 a hure. Idan ta daɗe ko ta matse da yawa, duk jijiyoyin da ke ƙarƙashinta suna iya suma na wani lokaci.

Kafin ka sa hannu a takarda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya ta farko ma ita ce ko kana buƙatar aikin. Matashin da gwiwarsa ke kullewa ko gocewa bayan faɗuwa a filin ƙwallo, aikin na iya mayar masa da rayuwarsa. Dattijon da gwiwarsa ta cinye saboda shekaru lamarinsa daban ne. A 2002 Bruce Moseley da abokan aikinsa a Houston ta Amurka sun raba marasa lafiya 180 masu irin wannan ciwo, aka wanke wa wasu gwiwa ta kyamara, wasu kuma aka tsaga fata kawai aka ɗinke ba tare da sun sani ba. Bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aikin ba su fi sauran samun sauƙi ba. A ganina, duk wanda aka ce wa zai je waje a "wanke" wa mahaifiyarsa gwiwa, ya fara kai ta wurin likitan ƙashi a gida, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda har yanzu bakin mutane bai daina kira FMC ba, ya ji ta bakin wanda ba shi zai karɓi kuɗin aikin ba.

Idan aikin ya tabbata, ka tambayi likita abin da zai yi takamaimai: yanke guringuntsi ko ɗinke shi, gefen ciki ko na waje, daga ina zai ciro agara, zai sa ɗamara ko a'a. Ɗinki ya fi yanka amfani ga gwiwa nan gaba, amma shi ya fi kusantar jijiya. Ƙwararru suna da dabarun kauce mata. Sukan lanƙwasa gwiwa sosai don feroniyal ta koma baya, su yi ƙaramar tsaga a gefe su sa ƙarfen kariya da zai tare allura, wasu ma da cokalin da aka tsarkake suke yi. Sukan haska fitilar kyamara ta cikin fata su ga inuwar hanyar jini kafin su huda. Sukan kuma karkata tsagar ciro agara maimakon su miƙe ta daga sama zuwa ƙasa, don ta bi layin reshen nan. Likitan da ya saba da aikin ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Kai ma kana da abin faɗa. Ciwon suga, tsohon ciwon baya mai sauka ƙafa, tarihin kuturta, shan giya, ko wata mutuwar fata da ka daɗe da ita, duk ka bayyana, ka kuma nemi a gwada ƙarfin ƙafar a rubuta kafin a shiga tiyata. In ba haka ba, gobe babu mai iya raba tsohon lahani da sabo.

Daga gadon asibiti zuwa gida

Idan allurar baya aka yi maka, ƙafafu biyu za su mutu na 'yan awoyi. Idan an ƙara da allurar kashe jijiya a cinya, wani sashe na ƙafar na iya kaiwa awa 24 bai farka ba. Ka tambayi likitan sa barci wace aka yi da lokacin da ya kamata ta sake ka. Abin da ya wuce wannan lokaci, a daina ɗora wa allura.

A nan al'adarmu ke cutar da mu. Aka ce "ya jiki?", amsa ɗaya ce, "da sauƙi, Alhamdulillahi." Amsa ce mai kyau ga maƙwabci. Likita mai zagayen safe kuwa zai rubuta ta yadda ya ji ta, ya wuce gado na gaba. Ka yi godiyar, sannan ka ƙara: "Likita, amma tun jiya da la'asar babban yatsana ya ƙi ɗagawa, saman ƙafar kuma ba na jin taɓi." Idan mahaifinka ne a kwance yana jin nauyin magana, kai ka faɗa wa likitan: "Ranka ya daɗe, Baba ya ce da sauƙi, amma ƙafar ba ta motsi." Kada ka bar asibitin sai wanda ya yi aikin ya ga ƙafarka tana ɗagawa da idonsa, kuma ka karɓi takardar da ta bayyana abin da aka yi da tsawon lokacin ɗamara, tare da lambar wayar da za a ɗauka.

Sai hanya. Daga Kano zuwa Yola ta Gombe da Numan tafiyar yini ce, kuma a cikin motar haya gefen gwiwa yakan jingina da ƙofa ko ƙarfen kujera na awoyi. Mai lafiya ma ƙafarsa na sagewa, balle wanda fatarsa ba ta gama farkawa ba, ba zai ji matsin ba ballantana ya gyara zama. Ka biya kuɗin kujera biyu, ka miƙe ƙafar a kan filo, ka tabbata babu abin da ya taɓa ƙullutun nan. Kowace awa biyu a tsaya ka motsa idon sawu, wanda kuma kariya ce daga daskarewar jini.

A gida, ƙanƙara na rage kumburi, amma a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, a gaban gwiwa. Da zafin Jimeta mutum kan so ya ɗora ledar ƙanƙara tsirara ya yi barci. Sanyi mai tsanani a kan wuyan ƙashin nan shi kaɗai yana iya kashe jijiyar. Bandeji kuwa, idan yatsa biyu ba sa shiga ƙarƙashinsa, ya matse.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ba ya buƙatar komai sai auduga, tsinken sakace, biro da waya. A makon farko safe da yamma, bayan nan sau ɗaya a mako.

Fara da motsi, kana kwance, ƙafafu biyu a tuɓe don ka kwatanta. Jawo ƙafa sama wajen fuskarka. Ɗaga babban yatsa shi kaɗai, mai jinya ya danna shi ƙasa kana turjewa. Karkatar da ƙafa waje. Waɗannan uku na feroniyal ne. Sannan tura hannun mai jinya ƙasa da tafin ƙafa, ka naɗe yatsu, na tibiyal ke nan. A ƙarshe ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya a miƙe. Wannan na ƙarshe yakan yi wuya a kwanakin farko saboda kumburi da ciwo, don haka kada ka firgita da shi nan take. Likitoci suna auna ƙarfi daga 0 zuwa 5: 0 babu ko motsi, 1 ana ganin nama yana ɗan harbawa, 2 tana motsi a kwance amma ba ta iya ɗaga nauyin kanta, 3 tana ɗagawa, 4 tana turje wa hannu, 5 lafiya lau. Ka rubuta lamba da kwanan wata. "Ya ɗan fi jiya" ba ya gaya wa likitan da ke Kano komai, amma "daga 1 ya koma 3 cikin mako uku" magana ce cikakkiya.

Sai ji. Rufe ido, mai jinya ya shafa auduga, sannan ya taɓa da tsinke a hankali ba tare da sokawa ba: ƙasan ƙoƙon gwiwa ta waje, gefen ƙwauri na ciki, saman ƙafa, tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da tafin ƙafa. Inda ji ya ɓace, a fara daga tsakiyar wurin a yi waje har ka ce "na ji," a ɗiga biro, a zagaye duka, a ɗauki hoto da tsabar kuɗi ko murfin kwalba a gefe don a gane girma. Mako mai zuwa a sake. Da'irar da ke tsukewa albishir ce. Wadda ke faɗaɗa, a kira likita.

Abin da ba ya jiran gobe

Ƙafar da ta langaɓe bayan allura ta sake, musamman idan ɗinkin gefen waje aka yi, a ranar za ka kira wanda ya yi aikin, ka tura masa bidiyo. Idan zare ne ya kama jijiyar, komawa tiyata a warware shi cikin kwanaki kaɗan ya fi jiran watanni nesa ba kusa ba.

Ciwon da ke ƙaruwa yana ƙin jin magani, sha-raɓa ta yi tauri, ana taɓa yatsu kana ihu, wannan alama ce ta ruwa ko jini ya taru ya matse nama da jijiya a cikin ƙwauri. Awoyi kaɗan ake da su, kusan shida, kafin nama ya fara mutuwa. A kwance bandeji a nufi sashen gaggawa, ko na Asibitin Koyarwa a cikin Yola ko na Specialist a Jimeta, ko da ƙarfe biyun dare ne. Haka ƙafar da ta yi sanyi ta canza launi, haka zazzaɓi da gwiwa mai zafi ko ruwa daga ɗinki (kada a tsaya cewa maleriya ce), haka kumburin sha-raɓa tare da ciwon ƙirji ko haki, haka rashin iya fitsari da mutuwar ƙafafu biyu bayan allurar baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, ko da a wani wuri aka yi masa aikin.

Haƙuri mai wa'adi

Jijiya kamar wayar lantarki take, zaren tagulla a ciki, roba a waje. Herbert Seddon, wani likitan Ingila da ya duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kasa rauninta gida uku. A na farko an matse wayar ne kawai, ba abin da ya tsinke, wuta ce ta ɗauke. Wannan yakan dawo da kansa cikin kwanaki zuwa wata uku, kuma yawancin abin da ɗamara ko bandeji ke jawowa ke nan. A na biyu tagullar ta tsinke amma robar na nan. Sashen da ke ƙasa da raunin zai mutu, sabon zare ya tsiro ya bi cikin robar, kimanin milimita 1 a rana. A na uku an datse duka biyun, kuma wannan ba ya haɗuwa sai da ɗinki.

Yi lissafin da kanka. Daga wuyan ƙashin nan zuwa saman ƙafar babban mutum akwai kusan santimita 40, wato kwana 400, fiye da shekara kafin ji ya isa yatsu. Sa'ar da aka yi, naman da ke ɗaga ƙafa yana kusa da gwiwa, saboda haka motsi kan riga ji dawowa. Amma naman ba ya jira har abada. Idan ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi saƙo bai iso masa ba, yakan bushe ta yadda ko jijiya ta iso daga baya ba zai amsa ba. A makon farko dukkan nau'o'in uku kamanninsu ɗaya, shi ya sa "ka yi haƙuri, zai dawo" gaskiya ce ga wani, ga wani kuma asarar ƙafa ce.

Abin da ke raba su shi ne lokaci da gwaji. Bayan mako uku zuwa huɗu ana iya yin gwajin lantarki na jijiya da nama, wanda ake kira EMG. Kafin nan bai cika nuna gaskiya ba. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka ka nemi takardar turawa da wuri. A gida kuma akwai dabarar da Jules Tinel, likitan Faransa, ya bayyana a 1915: ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da kan yatsa daga ƙasa zuwa sama, inda ka ji minjirya ta harba zuwa ƙafa, nan sabon zare ya iso. Sa alama. Idan bayan wata guda alamar ta sauko kamar yatsu biyu, jijiya na tafiya. Idan ta kafe wuri ɗaya, kuma wata uku ya cika lambar ƙarfinka na nan a 0, lokacin ganin likitan da ke ɗinkin jijiya ya yi. Kada ka yarda a sake ce maka ka dawo bayan wata shida ba tare da wani gwaji ba.

Watannin nan su ne ake ɓatarwa a wurin mai ɗori da wanzami. Ba na raina masu ɗori, amma nan babu ƙashin da ya karye. Karan da za su ɗaure a gefen ƙwauri kan wuyan ƙashin nan yake sauka, ja da murɗa na iya tsinke sabuwar igiya, tsaga da ƙaho a fatar da ba ta ji kuwa gyambo suke bari. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Zama da ƙafar kafin ta dawo

Aikin farko shi ne hana idon sawu sandarewa. Ƙafar da ke rataye kullum, agarar dunduniya takan gajarce, ko jijiya ta warke daga baya sai a tarar gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa. Ka sa tawul ko rawani a tafin ƙafa ka jawo ta wajenka, ka riƙe rabin minti, sau da yawa a yini. Sashen gashin ƙashi na asibiti zai koya maka sauran, ya kuma auna maka takalmin roba mai tallafe ƙafa daga sha-raɓa zuwa tafi, wanda ake sawa cikin kambas. Silifas a ajiye shi tukuna, a nemi sandal mai maɗauri a dunduniya. Mai tuƙa mota ko Keke Napep da ƙafar dama ta langaɓe ya haƙura da tuƙi, domin taka birki ba shi ne matsalar ba, ɗaga ƙafa a kai ta kan birkin a kan lokaci shi ne.

Fatar da ba ta ji ba ta kai ƙara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, simintin harabar masallaci da azahar, ruwan butar da ta yini a rana, da yashin bakin Binuwai duk suna ƙona ƙafa mai ita bai sani ba. Gasa ta da ruwan zafi, wanda shi ne abin da iyayenmu mata ke fara kawowa, ya fi duka haɗari. A gwada zafin ruwa da hannu, a duba ƙafa kowane dare da fitila har tsakanin yatsu. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Adamawa. Asibitin kutare na Garkida, wanda mishan ɗin Church of the Brethren suka buɗe a 1929, ya shekara da shekaru yana fama da wannan jijiya ta feroniyal, domin tana cikin waɗanda kuturta ta fi kamawa. Paul Brand, da ya yi aiki da kutare a Vellore ta Indiya, shi ya nuna cewa rashin jin zafi ne ke cinye ƙafa, ta hanyar ƙananan raunukan da ba a lura da su ba.

Zama ma sai an gyara. Harɗe ƙafa a kan tabarma, ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da dogon tsuguno irin na masai ko na mai dashen shinkafa a Geriyo, duk suna matse jijiyar waje. Mai mataccen wuri ko ƙullin ciwo a ƙasan ƙoƙo zai sha wuya a sujada ko durƙuso a coci. Ya yi salla a kujera har likita ya ba shi izini, malamai ba su yi saɓani a kan halaccin haka ga mara lafiya ba, daga baya ya sa soso a ƙarƙashin darduma. Wurin da ya mutu yakan tsuke cikin shekara guda. Wani lokaci ɗan abin da ya rage ba ya tafiya, amma ba ya hana gudu ko ƙwallo.

Ciwon jijiya daban yake da ciwon rauni: ƙuna, suka, ko fizgar lantarki, har wando ya taɓa ka zabura. Diclofenac da ibuprofen ba sa yi masa abin kirki, shan su wata da watanni kuma, ga zafi ga azumi, ciki da ƙoda ke biya. Magungunan da ke aiki su ne irin su amitriptyline, gabapentin da pregabalin, ana farawa da kaɗan, suna sa barci, kuma sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu. Likita ne zai rubuta, ba yaron kemis ba. Pregabalin da tramadol suna kama mutum, kowa a Jimeta ya san gidan da suka shiga. Ƙwayoyin bitamin B ba sa haɗa jijiyar da aka datse, B6 ma idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Idan ɗinki ya warke, shafa wurin da tsumma mai laushi na 'yan mintuna sau da yawa a yini, daga baya da tawul mai kaushi, yana koya wa fata ta daina zabura. Idan wuri ɗaya ne tak ke harbawa in an danna, wataƙila bakin jijiyar ne ya dunƙule. Likita kan gwada da allurar kashe zafi a wurin, in ciwon ya ɗauke nan take, ana iya yanke ƙullin a binne bakin cikin nama. Gwiwar da ta kumbura, ta canza launi, tana gumi ita kaɗai, ciwon kuma ya fi ƙarfin aikin da aka yi, tana buƙatar likita da sashen gashi da wuri, domin ajiye ta ba motsi ƙara ta'azzara ta yake yi.

Idan aka kai ga likitan ɗinkin jijiya, aka buɗe aka tarar jijiyar a datse, ana ɗinke bakunan biyu, ko a cike giɓin da wata siririyar jijiya da ake cirowa daga bayan sha-raɓa, a bar ɗan wuri a gefen ƙafa ba ji. Feroniyal ba ta kai tibiyal saurin amsa ɗinki ba, kuma giɓi na ƙara tsawo, fata na raguwa. In lokaci ya riga ya ƙure, akwai sauran hanya: a ciro agarar wani nama mai lafiya da ke bayan ƙwauri, wanda tibiyal ke motsawa, a zagayo da ita a dasa a saman ƙafa don ta karɓi aikin ɗagawa. Aiki ne da likitocin kuturta suka daɗe suna yi, kuma ko bayan shekaru ana iya yin sa. Sharaɗinsa biyu ne: naman da za a aro ya kasance da ƙarfi, idon sawu kuma yana lanƙwasuwa sama idan an tura shi da hannu. Bayan aikin akwai kimanin mako shida a filasta, sannan watanni a sashen gashi ana koya wa naman sabon aikinsa.